Mu san gaz, daji ya huta

Tun ranar 28 ga watan Nowamba na shekarar 2011, da aka buɗe matatar mai ta SORAZ kimanin kilomita 50 arewa da birnin Damagaram, ƙasarmu ta shiga sahun ƙasashen da ke tace man da suka haƙo a cikin ƙasarsu. Ɗanyen man yana tasowa daga rijiyoyin Agadem a jihar Difa, ya bi bututu mai tsawon fiye da kilomita 460, ya iso wannan matata da aka gina domin ta tace ganga 20,000 a kowace rana. Manyan abubuwa uku ke fitowa daga cikinta: isansi, wanda maƙwabtanmu ke kira fetur, da gazuwal, da kuma gaz na girki. Biyun farko ba su buƙatar mai yi musu talla, domin mota da babur da injin ban ruwa ba su da wani abinci sai su. Na ukun ne har yanzu yake sallama a ƙofar gidaje masu yawa ba a amsa masa.

Duk wanda ya tsaya da safe a mashigar Yamai, ko Maraɗi, ko Tawa, ko Damagaram, zai ga manyan motoci da amalanke da raƙuma suna shigowa maƙil da icce. Mafi yawan tukwanen ƙasar nan a kan icce da gawayi ake ɗora su. In aka tambayi magidanta dalili, amsa biyu ake samu: wasu su ce tsada, wasu su ce tsoro. Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, ya kamata biranenmu su koma girki da gaz, kuma maganar tsada tana wuyan hukuma, maganar tsoro kuwa ilimi ne maganinta. Wanda ya san abin da ke cikin butali zai san inda haɗarinsa yake, ya kuma san yadda ake kauce masa. Saboda haka, ƴan uwa masu karatu, bari mu fara da sanin abin kansa.

Dangin alkan

Masana kimiyya sun tabbatar cewa kowane abu a duniya an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, ana kiran su atom. Ƙwayoyin nan iri-iri ne. Biyu daga cikinsu ne suka shafe mu a yau. Ta farko ita ce karbon, wadda ita ce baƙin da muke gani a gawayi. Ta biyu ita ce idrojen, iska ce wadda ta fi kowane abu rashin nauyi. Idan ƙwayoyi suka kama juna suka zama ƙulli guda, wannan ƙullin shi ake kira molekil.

Domin a gane yadda suke kama juna, mu ɗauka kowace ƙwaya tana da hannuwa. Idrojen hannu ɗaya gare ta. Karbon kuwa hannu huɗu gare ta, kamar yadda masanin nan Bajamushe, Kekule, ya bayyana a shekarar 1858, ya kuma nuna cewa karbon tana iya kama ƴar uwarta karbon su yi sarƙa. Riƙon da muke faɗi ba na igiya ba ne. Kowace ƙwaya tana da ƴan ƙananan ɓaɓɓashin lantarki da ke kewaya ta, sunansu elektron. Ƙwayoyi biyu sai kowace ta ba da guda, su yi tarayya a kan biyun, kamar maƙwabta biyu da suka haɗa kuɗi suka gina katanga ɗaya a tsakaninsu: ta wannan ce, ta wancan ce, kuma ita ta haɗa gidajen.

To, alkan shi ne sunan dangin molekil ɗin da babu kome a cikinsu sai karbon da idrojen, kuma kowane hannu na karbon yana riƙe da ƙwaya dabam, babu hannun da ya rage banza, babu kuma inda aka yi riƙo biyu a wuri ɗaya. Ƙaramin cikinsu shi ne metan: karbon 1 da idrojen 4. Shi ne iskar da ke ɓulɓulowa daga ƙasan tabki inda ganye ke ruɓewa, kuma a irin wannan wuri ne Volta, masanin ƙasar Italiya, ya tara shi a shekarar 1776. Mai bi masa shi ne etan, karbon 2 da idrojen 6. Sai puropan, karbon 3 da idrojen 8. Sai butan, karbon 4 da idrojen 10, wanda shi ne babban abin da ke cikin butalin girki, sau da yawa a gauraye da puropan. Ƙa'idar ba ta da wuya, duk wanda ya yi lissafi a ajin yaƙi da jahilci zai iya ta: a ninka yawan karbon sau biyu, a ƙara biyu, an sami yawan idrojen. Mai karbon 8, watau oktan, yana da idrojen 18.

Hannuwan karbon huɗu ba a shimfiɗe suke kamar a kan tabarma ba. Kowane hannu yana nisantar ɗan uwansa iyakar iyawarsa, uku su buɗe ƙasa kamar ƙafafun kujera mai ƙafa uku, ɗaya ya miƙe sama, tsakanin kowane biyu akwai kusurwa ta digiri 109.5. Masanin ƙasar Holan, Van't Hoff, shi ya kawo wannan bayani a shekarar 1874. Shi ya sa sarƙar alkan take tafiya a karkace, sama da ƙasa kamar haƙoran zarto. Daga mai karbon 4 kuma, sarƙar tana iya yin reshe. Butan iri biyu ne, miƙaƙƙe da mai reshe. Oktan iri 18 ne. Yawan ƙwayoyinsu ɗaya, jerinsu ne ya bambanta, kuma halinsu ya ɗan bambanta da shi. Masu reshe sun fi ƙonewa lafiya lau a injin mota, shi ya sa ake auna kyawun isansi da wani oktan mai rassa wanda aka ba shi lamba 100.

Tsawon sarƙa ke raba su

Ɗanyen mai gauraye ne na ɗaruruwan irin waɗannan molekil, alkan da wasu danginsa, waɗanda suka samu daga ƙananan halittun ruwa da ƙasa ta binne tun miliyoyin shekaru. Aikin matata shi ne ta raba su, kuma abin da ke ba ta dama shi ne kowanensu da zafin da yake tafasa.

Dalili kuwa shi ne, ko da yake riƙon da ke cikin molekil guda yana da ƙarfi ƙwarai, jan da ke tsakanin molekil da maƙwabcinsa rarrauna ne, kuma yana ƙaruwa da tsawon sarƙa. Guntayen zare iska kaɗan ke watsa su, dogayen zare kuwa sarƙewa suke yi da juna. Haka abin yake a nan. Metan yana tafasa a digiri 162 ƙasa da sifiri. Puropan a digiri 42 ƙasa da sifiri. Butan yana tafasa dab da sifiri, watau kusan sanyin da ruwa ke zama ƙanƙara. Mai karbon 5 yana tafasa a digiri 36, zafin da bazararmu ke wucewa kowace rana. Oktan sai ya kai digiri 126. Saboda haka daga mai karbon 1 zuwa mai 4 iska ne, daga mai 5 zuwa wajen mai 17 ruwa-ruwa ne, daga nan zuwa sama kuma daskararru ne. Isansi na cikin gajeru, kananzir ya fi shi tsawo, gazuwal ya fi kananzir, sai man giris da basilin da kakin kyandir a can ƙarshe. Uwargidan da ke tsoron gaz ta sani cewa kananzir ɗin fitilarta da basilin da take shafa wa yara da ɗari duk ƴan gida ɗaya ne da shi.

A matata ana dafa ɗanyen mai, tururinsa ya hau wata doguwar hasumiya mai zafi a ƙasa da sanyi a sama. Masu nauyi su koma ruwa tun a ƙasa, marasa nauyi su haura, a tare kowane a hawansa. Gaz ne ke fita a can ƙoli. Sai a matse shi har ya zama ruwa, a ɗura a butali. Wanda ya girgiza butali ya ji motsin ruwa, butan ne ya ji. Da an buɗe makulli, matsi ya ragu, sai ruwan ya tafasa da kansa ya fito a iska, kuma lita guda ta ruwan tana ba da fiye da lita 200 ta iska. A ƙasashen da ake ƙanƙara butan yakan ƙi tashi da hunturu, sai an haɗa shi da puropan mai yawa. Mu nan ba mu da wannan damuwa. Tamu damuwar ita ce zafi, za mu zo kanta.

Akwai wasu halaye biyu da ya wajaba kowa ya riƙe. Na farko, alkan ba ya gauraya da ruwa, kuma wanda yake ruwa-ruwa a cikinsu bai kai ruwa nauyi ba, sai ya hau kansa. Abin da ya jawo haka shi ne karbon da idrojen kusan ƙarfinsu ɗaya wajen jan lantarkin da suka yi tarayya a kai, don haka molekil ɗin ba shi da gefen da ruwa zai kama. Na biyu, iskar butan ta ninka iskar da muke shaƙa nauyi sau biyu. In ta tsiyaye ba ta tashi sama kamar hayaƙi, kwanciya take yi a ƙasa, ta bi kwari, ta taru a rami da lungu. Metan ne kaɗai ya fita dabam a fili, shi bai kai iska nauyi ba.

Mai haƙuri, sai in ya ga wuta

A cikin dangogin sinadarai, alkan na daga cikin mafi haƙuri. Ruwan batir, wanda ke cin tufa da fata, ba ya yi masa kome a zafin ɗaki. Soda ta masu sabulu ba ta yi masa kome. Shi ya sa makanikai ke shafa basilin a kan kawunan batir don kada su ci, kuma shi ya sa butan ke iya yin shekaru a butali bai lalace ba. Tsohon sunan dangin, parafin, wanda Bajamushe Reichenbach ya raɗa a shekarar 1830, daga Latinanci ne, ma'anarsa mai ƙarancin hulɗa. Asirin haƙurin shi ne ƙarfin riƙon nan da muka faɗa, da kuma cewa babu hannun da ya rage banza.

Abu uku ne ke karya wannan haƙuri. Na ɗaya, iskar kolor a cikin hasken rana: hasken yana raba molekil ɗin kolor gida biyu, kowane ɓari ya shiga fizge idrojen ɗaya bayan ɗaya yana maye gurbinsa, kuma ta haka masana'antu ke samun sinadarai irin su kolorofom. Na biyu, zafi mai tsanani, wajen digiri 500, tare da wani gari mai gaggauta aiki: dogayen sarƙoƙi sai su tsintsinke su zama gajeru. Da wannan dabara matatun duniya ke mayar da mai mai nauyi ya zama isansi da gaz. Na uku, wanda ya fi shafar kowane gida, shi ne wuta.

Ƙonewa ita ce haɗuwar abu da oksijen, iskar nan da ta kai kashi 21 cikin 100 na abin da muke shaƙa. Idan butan ya sami oksijen isasshe, molekil 2 nasa suna cin 13 na oksijen, su ba da 8 na iskar karbon, irin wadda muke fitarwa da numfashi, da 10 na tururin ruwa, da zafi mai yawa. Babu toka, babu hayaƙi. Harshen wutar shuɗi ne. Lita guda ta iskar butan tana buƙatar kimanin lita 31 ta iskar waje kafin ta ƙone sarai. Idan iska ta gaza, harshen sai ya koma rawaya, gindin tukunya ya yi baƙi, kuma wata iska mai guba ta fara fita, sunanta monoksid na karbon. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta fiye da oksijen sama da sau 200. Ita ce dai ke kashe mutanen da suka shiga da gawayi ɗaki suka rufe ƙofa da taga lokacin ɗari. Wannan guba ba ta gaz kaɗai ba ce, ta duk wutar da aka hana iska ce.

Wani abin lura kuma, butan ba ya kamawa sai in yawansa a cikin iska ya kai kimanin kashi 2 cikin 100, kuma bai wuce kashi 8 da ɗoriya ba. A cikin butali babu oksijen, don haka wuta ba ta iya bin tiyo ta shiga ciki kamar yadda ake ta faɗi a unguwa. Haɗarin yana waje: gaz ya tsiyaye a rufaffen ɗaki, ya kwanta a ƙasa, ya kai wancan kashi, sannan wani ya ƙyasta ashana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da wannan ilimi ke koya wa gida

Kowace ƙa'idar tsaro daga halayen nan ta fito, wanda ya gane halin ba ya buƙatar haddace ƙa'idar. Tun da ruwa ne a cikin butali, a tsaye ake ajiye shi, domin iskar da ke sama ita ake so ta fito. Tun da zafi na ƙara matsi, kuma matsin butan a digiri 45 ya kusa ninka na digiri 20, a inuwa ake ajiye shi, nesa da murhu, kuma masu ɗuri ba su cika shi fal, sukan bar wajen kashi 15 zuwa 20 cikin 100 domin ruwan ya sami wurin buɗawa. Tun da gaz ya fi iska nauyi, ba a ajiye shi a rami ko ɗakin da ba shi da mafitar iska ta ƙasa. Girkin tsakar gida da rumfa, wanda muka gada, ya dace da gaz ƙwarai.

Butan na asali kusan ba shi da wari. Warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai da gangan ake zuba shi, domin hanci ya zama mai gadi. An koyi wannan darasi da tsada: a shekarar 1937 gaz marar wari ya taru ƙarƙashin wata makaranta a garin New London na jihar Texas a Amurka, ya fashe, kusan mutum 300 suka rasu, yawancinsu yara, daga nan aka kafa dokar sa wa gaz wari. To, wanda ya ji warin, kada ya ƙyasta ashana, kada ya taɓa makunnin lantarki, ya rufe makullin butali, ya buɗe ƙofa da taga, ya fitar da mutane. In ana neman inda ke yoyo, kumfar sabulu ake shafawa a mahaɗa, inda ya yi ƙwai nan ne. Tiyon da ya tsufa ya tsattsage a sake shi. A kunna ashana kafin a buɗe risho, a rufe makulli bayan an sauke tukunya. In abu ya fi ƙarfi, lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.

Ilimin nan bai tsaya ga gaz ba. Tun da isansi yana hawa kan ruwa, watsa ruwa a wutarsa yaɗa ta yake yi, yashi ko jiƙaƙƙen bargo ne ke kashe ta. Tururinsa ya fi iska nauyi sau uku ko fiye, yana rarrafe a ƙasa ya je ya tarar da wuta a nesa. Ba mu manta da daren 5 zuwa 6 ga watan Mayu na shekarar 2019 ba, lokacin da tankar isansi ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai, jama'a suka taru suna kwasa, wuta ta kama, fiye da mutum 50 suka rasu nan take, wasu kuma suka cika a asibiti. Isansin da ake jerawa a kwalabe a bakin hanya, ana ajiye jarkokinsa a ɗakin kwana, ya fi butalin ƙarfe mai makulli haɗari nesa ba kusa ba, amma mun saba da shi har mun daina ganinsa. Haka kuma yaron da ya sha kananzir da aka zuba a kwalbar lemo, kada a sa shi amai, domin shigar man cikin huhu ita ce babbar ɓarna. A garzaya da shi likita.

Lissafin icce da gaz

Kilo guda na butan yana ɗauke da zafin da ya kusa ninka na busasshen icce sau uku. Bayan haka, murhun duwatsu uku yana zubar da mafi yawan zafinsa a iska, abin da ke shiga tukunya bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, alhali risho na gaz yana isar da rabi ko fiye. In aka haɗa biyun, kilo guda na gaz yana yin aikin kilo 10 na icce ko fiye. Butali mai kilo 6 ke nan yana tsare wa daji aƙalla kilo 60. A ninka wannan da yawan gidajen birni guda, a ninka da watanni 12, kowa ya yi lissafin da kansa.

Ƙasarmu ta san darajar icce fiye da yawancin ƙasashe. Tun 1975 ranar 3 ga watan Agusta ta zama ranar dashen itatuwa. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. Manoman jihohin Maraɗi da Damagaram, ta hanyar barin tsiron gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna yi musu sassabe na hikima, sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, abin da duniya ta yaba. Bai dace ba ƙauye ya yi renon icce shekara goma, birni ya ƙone shi a mako guda alhali ga gaz ana tacewa a cikin gida.

Ga kuma lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020. Wanda ke shaƙarsa kullum an san shi: mace ce a bakin murhu, da goyo a bayanta.

Masu ja suna da hujja

Ba mu ce duk wanda ya ƙi gaz jahili ne ba. Akwai hujjoji masu nauyi, kuma ya kamata a amsa su da gaskiya. Ta farko ita ce kuɗi. A shekarar 2012 gwamnati ta tsayar da ɗurin butali mai kilo 6 a kan sefa 1800, watau jika ɗaya da dala 160, mai kilo 12.5 kuma a kan sefa 3750. Amma talaka da ke sayen icce na dala ashirin kowace safiya ba ya iya fitar da kuɗin butali da risho a rana ɗaya, ko da a ƙarshen wata iccen ya fi cin aljihunsa. Ta biyu ita ce yankewa. An sha ganin lokutan da gaz ya yi wuya, mutane suna yawo da butali a bayan babur daga wannan shago zuwa wancan, farashi ya wuce na hukuma. Uwargidan da gaz ya yanke mata da tukunya a kan wuta sau biyu, a na uku za ta koma ga murhunta, kuma ba za a ga laifinta ba. Ta uku, babbar tukunyar tuwo ta gida mai mutum ashirin ba ta zama daidai a kan ƙaramin risho. Ta huɗu, dubban iyalai ne ke ci daga saran icce da sayar da shi, musamman a kasuwannin icce na karkara da aka fara kafawa tun farkon shekarun 1990. Ta biyar, wasu na cewa gaz ma yana ƙara ɗumamar duniya. Gaskiya ne, kilo guda na butan yana fitar da kimanin kilo 3 na iskar karbon. Sai dai iccen da aka sare ba a maye gurbinsa ba shi ma yana fitar da ita, kuma ya tafi da inuwa da tsaron ƙasa daga zaizaya.

Duk waɗannan hujjoji, in aka duba, babu wadda ta ce gaz ba shi da kyau. Cewa suke yi tsarin kai shi gida bai kammala ba.

Abin da ya rage

A nan muke kira ga magabata, tun daga ma'aikatun ministoci har gwamnoni da magadan gari. A fara ƙosar da kasuwar cikin gida da gaz kafin a yi maganar waje, a gina manyan wuraren ajiya a kowace jiha domin gyaran matata kada ya zama yunwar gidaje. A samar da hanyar da magidanci zai karɓi butali da risho ya biya kaɗan-kaɗan, ta hannun ƙungiyoyin mata da asusun adashi. A yawaita ƙananan butali masu kilo 3. A horar da maƙeranmu su ƙera matokarai masu ƙarfi da za su ɗauki tukunyar tuwo. A bincika nauyin butali da lafiyar makullinsa a wuraren ɗuri, a hana ɗurin bayan fage daga wannan butali zuwa wancan. Barikokin soja, da gidajen kaso, da asibitoci, da makarantun kwana, waɗanda ke cin icce da mota-mota, su fara ba da misali. Masu sana'ar icce kuma a jawo su cikin sana'ar rarraba gaz, domin sun riga kowa sanin ƙofar kowane gida. A karkara, inda butali ba zai kai da wuri ba, ingantaccen murhu na nan, kuma kashin shanu da aka rufe a rami marar iska yana ba da gaz wanda fiye da rabinsa metan ne, ƙaramin ɗan gidan alkan.

Ku kuma ƴan uwa da kuka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci, naku aikin bai fi ƙarfinku ba. Ku karanta wannan shafi ga waɗanda ba su iya karatu ba, a fada da majalisa da wurin suna. Ku gaya musu abu huɗu: gaz ya fi iska nauyi, harshensa mai lafiya shuɗi ne, warinsa gargaɗi ne, kumfar sabulu ce ke neman yoyonsa. Malaman yaƙi da jahilci su sa wannan darasi cikin karatunsu, gidajen rediyon karkara su maimaita shi da harsunan ƙasa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye gidajenmu daga gobara, ya raya dazuzzukanmu, ya ba mu damina mai albarka. Amin.